Mai Inji Ya Shiga Koyon Hira

A layin bayan kasuwa, tsakanin shagon mai aski da na mai sayar da siminti, akwai shagon niƙa. Mai shagon mutum ne da unguwa ta shaide shi da kirki ba tare da ta taɓa jin ra'ayinsa a kan komai ba. Mai Inji ake ce masa. Dogo ne, kafaɗarsa ta dama ta fi ta hagu kauri saboda murɗa hannun tayar da inji, kuma tun yana saurayi yake da irin furfurar nan da ke fita idan an yi wanka.

Ya taɓa makaranta kaɗan. A bencin baya yake zama, ba ya tambaya, ba a tambayarsa. Da mahaifinsa ya gaji da ganin sakamako iri ɗaya, sai ya kama hannunsa ya kai shi wurin wani mai niƙa ya ce a koya masa. An ce sai da zango ya kusa ƙarewa malamin ajin ya lura ba ya nan, shi ma don ana neman mai tsawo da zai goge saman allo. A wurin niƙa ya sami abin da makaranta ba ta ba shi ba, wato wurin da rashin magana ba laifi ba ne. Idan inji ya tashi, mai baki da marar baki duk ɗaya suke.

Masu wannan sana'a suna da harshensu na hannu. A murza babban yatsa da manuni, a yi laushi ke nan. A kife tafin hannu a kaɗa, a bar shi da tsaki, kada ya yi laushi. A ɗaga haɓa wajen bokiti, ana tambayar na waye. A ja yatsa a wuya, a kashe inji. A taɓa leɓe, ana son ruwa. Mai Inji ya ƙware a wannan harshe har ya ƙara masa nasa, kuma da ya buɗe shagon kansa bai ga abin da ya rage a duniya wanda hannu ba zai iya faɗa ba.

Matarsa ma a bakin inji ya same ta. Tana kawo wa mahaifiyarta markaɗe, kuma ita kaɗai ce cikin masu kawo niƙa ba ta taɓa ƙoƙarin yi masa ihu ta saman ƙarar inji ba. Ta tsaya ta lura, ta koyi alamun. Ranar da ta murza masa yatsu biyu tana murmushi, ya yanke shawara cewa ya sami mace mai irin halinsa. Bayan aure ta shigo shagon, ita ke karɓar bokitai, ta jera su bisa layi, ta wanke injin markaɗe, shi kuma yana zubawa a mazurari. Idan sun koma gida da yamma kunnuwansu na shuu, sai su ci gaba da hannu, tun da ya riga ya saba. Maƙwabtansu na gidan haya suka mayar da su abin misali. Mata na yi wa mazansu gori da Mai Inji, maza na yi wa matansu gori da matarsa, ana cewa ga mutanen da ba a taɓa jin kansu ba. Gaskiya ne kuwa, ba a taɓa ji ba.

Da suka sami 'ya mace, a shagon ta tashi. Daga bayan uwarta ta koma cikin kwali a bayan buhuna, daga kwali ta sauko ƙasa. Ta yi rarrafe da wuri, ta yi tafiya da wuri, kuma hannunta akwai wayo: kafin sa'o'inta su iya riƙe cokali, ita tana kwance noti tana tsince tsakuwa daga cikin wake. Ƙurar gari na zama mata a gira, sai masu kawo niƙa suka sa mata Farar Gira, daga baya aka taƙaita zuwa Gira. Kowa na yabonta. "Yarinyar nan akwai hankali, ko kuka ba ta yi." Alhali da fari tana kukan. Ganin ba wanda ke ji, sai ta bar shi, ta koma taɓa leɓe kamar kowa.

Da ta isa shiga makaranta, Mai Inji ya yi wanka, furfurarsa ta fita, ya kama hannunta suka tafi. Malamar da ke karɓar sababbin yara tana zaune a bakin aji da tebur a gabanta, mace ce mai tabarau da muryar da ta dishe.

"Yaya sunanki?" in ji malama.

Gira ta kalli bakin malama, ta kalli ubanta.

Malama ta ɗaga kofin da ke kan tebur. "Mene ne wannan?"

Gira ta taɓa leɓe. A ganin Mai Inji amsa ce mai kyau, har ya gyaɗa kai.

"Malam, kurma ce?"

"Tana ji."

"Tana magana?"

Ya yi tunani. "Tana cewa Baba."

"Bayan shi fa?"

"Tana cewa Mama."

Malama ta jira ko akwai ci gaba. Babu. Ta cire tabarau ta ajiye.

"Ka leƙa ajin nan ka gani, yara sun fi ƙarfin benci. Idan fitsari ya matse ta ina fuskantar allo, da wane yatsa za ta gaya min? Ka kai ta asibiti a duba kunnenta. Bayan dogon hutu, kafin a buɗe, ka dawo min da ita. In tana faɗin sunanta, tana neman abin da take so da baki, tana amsa tambaya, zan karɓe ta. In ba haka ba, ko dai makarantar kurame, ko ta ci gaba da zama wurinku a shago."

Mai Inji ya san yadda zama a shago ke ƙarewa, don shi ne ƙarshensa. A hanyar komawa ya riƙa kallon girar yarinyar, wadda uwarta ta wanke tas da safe, baƙa wuluk. Ya ƙudurta cewa ba za ta yi furfurar gari ba.

A asibiti wata nas ta sa wa Gira abin ji a kunne, ta nuna mata ta ɗaga hannu duk lokacin da ta ji ƙara. Wannan jarrabawa kamar don ita aka shirya ta. Ko sau ɗaya ba ta kuskure ba. Nas ta yi wa uban tambaya, ya ce "Na'am?" Ta maimaita, ya sake cewa "Na'am?" Sai ta cire abin daga kan 'yar ta ɗora a kan uban. Ya zauna yana jiran a fara, har aka gama.

"Kunnenta lafiya lau, ya zuwa yanzu," in ji nas da ƙarfi. "Naka ne ya soma sallama. A ina take yini?"

Ya gaya mata.

"Kusa da injin?"

"Bayan buhuna."

"To me kuke ce mata a gida?"

"Ai ba ta da laifi," in ji Mai Inji. "Ba ma ce mata komai."

Nas ta dube shi ta ga ba wasa yake yi ba. Ta yi masa bayani a hankali, cewa magana ba haƙori ba ce da za ta tsiro wa yaro don lokaci ya yi, zuba masa ake yi ta kunne kafin ta fito ta baki. Wannan ya shige shi, don shi ma bai taɓa ganin gari ya fito daga injin da ba a zuba wa komai ba. Ta ce a nisanta ta da ƙarar inji, a riƙa yi mata hira, a faɗa mata sunan abubuwa, a yi mata tambaya a ɗan jira. Ya tambayi ko akwai na sha ko allura. Ta ce babu. Ya fito da baƙin cikin mutumin da ya je sayen kayan gyara aka ce masa ya je ya ƙera da kansa.

Shekara da shekaru Mai Inji yana godiya ga injinsa saboda yana raba shi da surutun mai aski. Mutumin nan idan ya buɗe shago ya buɗe baki, ba ya rufe ɗaya sai ya rufe ɗayan. Amma ranar, Mai Inji ya wuce ƙofar shagonsa ya shiga na maƙwabcinsa ya zauna a benci.

"Maƙwabci, lafiya? Aski ko an yi mutuwa?"

"Tambaya na zo yi."

"Kai? To bari in zauna."

"Yaya ake yin hira?"

Mai aski ya ajiye almakashi. "Tun yaushe nake yi maka hira ta bango, ashe ko ɗaya ba ka ɗauka ba. Da wa za ka yi?"

"Da Gira."

Da ya ji labarin, mai aski ya daina dariya, amma bai daina magana ba. "Matsalarka kana tsammanin sai da dalili. Ni ba na tunani, abin da na gani nake faɗa. Mutum ya shigo, in ce ka shigo. Rana ta yi zafi, in ce rana ta yi zafi. Shi bai san ta yi zafi ba ne? Ya sani. Ka fara da abin da ke gabanka, sauran zai biyo."

"In ba ta amsa ba fa?"

"Kana tsammanin waɗanda nake wa aski suna amsawa? Aska na wuyansu."

Mai Inji ya sake tsarin aikinsa. Da safe matarsa za ta zauna da Gira a gida, shi kaɗai zai yi karɓa da zubawa. Da rana in sun kawo masa abinci, zai kashe inji, ba zai tayar ba sai sun tafi. Wannan lokaci kuwa shi ne lokacin da mata ke turo markaɗen dare. Sun yi mita, sun buga ƙofa, wasu suka ɗauki bokitansu suka nufi injin layin gaba. Yana kallon bokitan da ya sani tun suna sababbi suna wucewa ta gabansa ba sallama. Ya kau da kai.

Ranar farko ya zaunar da yarinyar a kan kujera 'yar tsugunne, ya tsaya a gabanta kamar mai ba da shaida a kotu. Shirun shagon ya dame su duka biyun. Ya duba abin da ke gabansa.

"Wannan buhu ne," ya ce.

Gira ta kalli buhu.

"Wannan ma buhu ne."

Ta yarda. Ya nuna bokiti, ya nuna tsintsiya, ya nuna ƙofa. Kafin abincinsa ya huce ya gama da duk abin da ke cikin shagon, hira ta ƙare. Haka suka yi ta yi kwana da kwanaki, yana nunawa tana kallo cikin ladabi, irin kallon da ake yi wa babba idan ya soma ruɗewa. Ba ta maimaita ko ɗaya ba. In tana son abu, hannunta na nan.

A nan ne ya yi tunani irin na mai inji. Idan bel ɗin da ke juya inji ya saki, ɗaure shi ake yi. Muddin hannu na biya mata bukata, baki ba zai tashi ba. Saboda haka ya kafa doka: daga yau ba ya gane hannu.

Da rana ta yi, Gira ta zo ta taɓa leɓe. Ya ɗebo ruwa a kofi, ya riƙe sama.

"Ce ruwa."

Ta sake taɓawa, a hankali, yadda ake yi wa sabon mai kawo niƙa.

"Ce ruwa."

Ta kamo rigarsa, ta nuna kofin, ta nuna bakinta, ta buɗe shi ya ga ya bushe. Ya ji abin har cikin ransa, amma ya san bel ba ya ɗauruwa da tausayi. Ya ƙara ɗaga kofin. Hawaye suka zubo mata ba sauti, ta juya ta shige bayan buhuna ta zauna, ta cusa hannuwanta tsakanin gwiwoyi. Uwarta ce ta fizge kofin ta bi ta da shi. Daga ranar Gira ta daina yi masa alama. Baki bai buɗe ba, hannu kuma ya rufe. In ya shigo ɗaki sai ta koma bayan uwarta.

Matarsa ta bar shi kwana biyu ko zai gane da kansa. Da ta ga yana shirin ƙara ɗaurewa, sai ta tare shi a tsakar gida da yamma, yana wanke ƙafa.

"Baban Gira, harshe ɗaya yarinyar nan take da shi. Ka ƙwace, ba ka ba ta wani ba."

"Nas ta ce..."

"Nas ta ce a yi mata hira. Ba ta ce a kashe ta da ƙishirwa ba."

"Ke ma ai ba kya magana."

"Da wa zan yi? Inji na aura."

Ya ɗago ya dube ta. Ashe ba ta gama ba. Ashe matar da ya aura don shirunta, a gidan ubanta ita ake roƙo ta yi shiru a saurari labarai a rediyo. Ta koyi alamun hannu ne don ta ga dogon saurayin nan ba a samunsa ta wata hanya, ta zaci in an yi aure zai buɗe. Da bai buɗe ba, ta haƙura ta adana. Yanzu ta kwance ajiyar. Akwai maganar sakatar ƙofa da ya ce zai gyara tun tana amarya. Akwai zuwan yayarsa da ta duba ƙarƙashin gado da sunan neman takalmi. Akwai ranar da ta yi sabon kitso ya murza mata yatsu biyu, har yau ba ta san ko yabo ne ko cewa yake a ƙara laushi ba. Mai Inji ya yi ƙoƙarin kare kansa, kuma da yake ba ya jin muryarsa sosai, duk abin da ya faɗa sai da aka ji a bakin titi. Maƙwabta suka fito ƙofar ɗakunansu. Wata ta ce wa mijinta a hankali, "To, ga abin misalinka nan."

Gira na tsaye a bakin ƙofa, kanta na juyawa daga wannan baki zuwa wancan. A iya rayuwarta ba ta taɓa ganin magana ta tafi ta dawo ba.

Washegari da rana ya kashe inji, ya je bayan buhuna inda take zaune, ya tsuguna. Bai iya ba da haƙuri ba, bai san ta inda ake farawa ba. Sai ya taɓa leɓensa, ya ce, "Ruwa." Ta dube shi da kyau. Ta bar shi a tsugune har ƙafarsa ta soma sanyi, sannan ta tashi ta ɗebo masa. Ya sha duka, ko da yake ba ya jin ƙishirwa.

Daga nan ya bar koyarwa, ya koma aiki. Lokacin da inji ke kashe ya mayar da shi lokacin gyara, ita ce mai miƙo kaya. Zai yi alama da hannu ya haɗa da suna. Sifana. Noti. Tsumma. Kuma da yake hannunsa na cikin aiki, sai ya tarar bakinsa na tafiya shi kaɗai, kamar yadda mai aski ya ce. Yana gaya mata dalilin da ya sa farantin niƙa ke cinyewa, da yadda ake gane bel ya gaji tun kafin ya tsinke, da wace mai kawo niƙa ce ke ɓoye tsakuwa a ƙasan masara sannan ta ce inji ne. Bai damu ko tana amsawa ba. Wata rana yana neman sifana, ya miƙa hannu baya bai yi alama ba, bai ce komai ba, hankalinsa na kan noti. Ya ji an ce, "Sifana?" Ya tsaya cak. Ya so ya juya, amma ya ji tsoron kada ya kore ta. Ya ce, "Ita fa." Aka sa masa a hannu. Notin nan ya daɗe bai sha ɗauri irin na ranar ba.

A gida kuwa, tun da aka kwance wa matarsa baki ba ta sake ɗaurewa ba. Tana wanki tana hira da yarinyar, tana tsefe mata kai tana yi mata waƙa, tana aikenta ɗakin maƙwabta da saƙon baki maimakon ta je da kanta. Da yamma ta tura ta cikin yaran gidan, waɗanda a da ba su san da ita ba sai a matsayin farar inuwa da ke shigowa bayan magariba. Yara ba su da haƙurin fassara hannu, in ba ka ce naka ba ne an ɗauke. Nan Gira ta koyi "nawa ne" da "zan faɗa". Mai aski ma ya nemi a riƙa ba shi aronta, ya ce bai taɓa samun mai sauraro irinta ba.

Kalmominta suka riƙa zuwa ba bisa tsari ba, daga inda aka samo su. Ta kwanta a katifa ta ce bai yi laushi ba. Aka ɗauke wuta, ta yi ajiyar zuciya ta ce, "Ƙasar nan sai addu'a." Kuma da yake a bakin ubanta ta fi ɗauka, ta ɗauka har da ƙarfin muryar. Duk abin da za ta faɗa, tana faɗinsa ne kamar akwai inji a tsakaninta da mai sauraro.

Hutu ya ƙare. Wannan karon su uku suka tafi, don matarsa ta ce ba za ta sake barin a yi magana a madadinta ba. Malama na nan a bakin aji, muryarta ta ɗan dawo saboda hutu. Ta gane su.

"To, 'yammata. Yaya sunanki?"

"Gira," in ji yarinyar da ƙarfi, har sai da wani malami ya leƙo daga ajin gaba.

Malama ta ɗan ja baya, ta duba takardar haihuwa. "Ba shi aka rubuta a nan ba. Sunanki na gaskiya."

Gira ta kalli ubanta. Uban ya kalli uwar. Sun koya mata sifana, sun koya mata faranti, amma ba wanda ya tuna ya gaya mata sunan da aka raɗa mata, don rabon da a kira shi tun tana cikin zani. Uwar ta faɗa. Yarinyar ta maimaita shi a hankali, kamar sunan wata baƙuwa.

Malama ta buɗe littafi mai hotuna. Gira ta gane mota, ta gane bokiti tun kafin a nuna. Aka nuna akuya ta ce kare. Aka nuna saniya ta ce babban kare. Aka tambaye ta launin riga ta yi shiru.

"Idan kina cikin aji fitsari ya matse ki, me za ki yi?"

Hannun Gira ya soma tashi. Mai Inji ya ga hannun, ya danne nasa a cinya, ya kafa wa ƙasa ido. Hannun ya tsaya a rabin hanya.

"Malama, fitsari."

"An ji," in ji malama. "Har ofis an ji."

Ta rufe littafin ta dubi iyayen. "Ba zan ɓoye muku ba, tana bayan sa'o'inta. In na sa ta aji ɗaya yanzu, za a yi ta tafiya a bar ta, ta koma bencin baya ta yi shiru. Zan sa ta ajin share fage, tare da sa'o'in ƙannenta. Za ta fi kowa tsawo. A gaba za ta zauna, kusa da ni. In ta ci gaba da tafiya yadda ta taho, baɗi ta wuce."

Uwar ta buɗe baki za ta yi ciniki, don ba saboda ajin share fage ta ɗinka wa yarinyar riga ba. Mai Inji ya riga ta.

"Me ya rage?"

"Da yawa. Launuka, dabbobi, ƙirga. Amma babba shi ne labari. Ku riƙa ba ta labari mai farko da ƙarshe, ta saba da cewa abu na bin abu."

Suka fito. Matarsa ta yi gida tana mita a kan tsawon yarinya da gajartar ƙannen mutane, ta ce ya hanzarta, ta ga bokitai sun yi layi a ƙofar shago tun safe. Ya ce yana zuwa. Sai ya kama hannun Gira ya bi ta ƙasan kasuwa, inda ake ɗaure dabbobi. Ya tsaya da ita a gaban wata akuya mai tauna kwali, ya gabatar da su ga juna, ya yi bayanin bambancinta da kare gwargwadon saninsa. Mai dabbobin ya matso da fatan ciniki, ya ji abin da ake tattaunawa, ya koma inuwa.

Labari ne ya tsaya masa a rai. Ba wanda ya taɓa ba shi, ko an ba shi bai ji ba. Suna tafiya yana laluben kansa, bai sami komai ba sai abin da ya baro a bayansa.

"Akwai wata akuya," ya ce.

Gira ta ɗago kai. "Ina ta je?"

Bai san ta je wani wuri ba. Ya rage sauri don ya sami lokaci. Shago na can ƙarshen layi, yana hango matan da ke jiransa, ɗaya har ta riƙe ƙugu. Ya lissafa cewa in suka bi ta bayan shagon siminti hanyar za ta ƙara tsawo, ƙila kafin su kai ya gano inda akuyar ta nufa da abin da ya kai ta. Ya juya da yarinyar suka bi ta can.

"Ta fita neman kwali," ya ce. "To a hanya, sai ta haɗu da mai aski."